ROT13: Tarihin Gusa Haruffa a Manhajar Kwamfuta

ROT13 hanya ce ta ɓad da rubutu, inda ake sauya kowane harafi da na 13 a gabansa cikin jerin haruffan Ingilishi 26. A ya koma N, B ya koma O, in an kai Z sai a zagayo farko. HAUSA takan zama UNHFN. Da yake 13 rabin 26 ne, in aka maimaita aikin sai rubutun ya dawo yadda yake, don haka umarni ɗaya ke kullewa, shi ne kuma ke buɗewa. Haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin jerin, don haka manhaja kan bar su yadda ta same su.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Marubucin Rum Suetonius ya ruwaito cewa Julius Kaisar yakan gusa haruffa da gurbi 3 a wasiƙunsa na sirri. A ƙarni na 9, malamin nan na Bagadaza, Alkindi, ya bayyana yadda ake tona irin wannan rubutu: a ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa, a gwada shi da wanda ya fi yawa a harshen. Tun daga nan asiri ya tonu.

A farkon shekarun 1980 masu amfani da dandalin tattaunawa na Usenet suka rungumi ROT13, ba don sirri ba, sai don rufe barkwancin batsa ko ƙarshen labarin fim, kada ido ya faɗa kai ba da niyya ba. Wannan aiki kam ta iya shi.

Matsala ta taso ne da wasu suka ɗauke ta makulli na gaske. A 1999 aka gano cewa manhajar shiga intanet ta Netscape Navigator na amfani da ita a tsarin adana kalmar sirrin imel. A 2001, ɗan Rasha Dmitry Sklyarov ya nuna a taron DEF CON a Las Vegas cewa wani kamfanin littattafan lantarki da ita yake kare hajarsa. Bayan jawabin aka kama shi a Amurka bisa dokar haƙƙin mallaka ta DMCA, kan wata manhajar buɗe littattafan Adobe.

Har yau Windows na amfani da ROT13 wajen rubuta sunayen manhajojin da aka buɗe a sashen UserAssist na rajistarta, kuma masu binciken laifukan kwamfuta kan duba can.