Agajin Gaggawa a Yaƙin Basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970

Agajin da aka kai wa fararen hula a yaƙin basasar Nijeriya na cikin manyan ayyukan jin ƙai na ƙarni na ashirin, kuma shi ya sauya yadda ƙungiyoyin agaji ke tunkarar rikicin cikin gida. Matsalar ta faro tun 1966, lokacin da kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa suka sa ɗimbin 'yan ƙabilar Ibo suka koma Gabas, yankin da dama yake da cunkoson jama'a. Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ayyana ɓallewar yankin da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka gwabza yaƙi daga watan Yuli.

Yunwa ta yi ƙamari ne bayan Fatakwal ta faɗa hannun sojojin tarayya a Mayu 1968, Biyafara ta rasa mafita ta teku. Busasshen kifin da ake shigowa da shi daga Norway ya yanke, naman shanun Arewa ma haka, sai rogo da doya suka rage. Cutar tamowa ta kama yara: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu sun rame. Hotunansu sun bazu a jaridun Turai da Amurka a tsakiyar shekarar, kuɗin taimako suka fara kwarara.

Hanyar kai kayan ita ce ta zama abin jayayya. Gwamnatin tarayya ta Yakubu Gowon ta yarda a bi ta ƙasa ko a yi jigila da rana bisa sa idonta. Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a iya sa wa abincin guba. Shi ya fi son jiragen dare, domin a cikin duhun nan ne jiragen makamai su ma suke sauka. Kowane ɓangare ya auna yunwar da ma'aunin yaƙi, yara kuwa suna ta mutuwa, kuma wannan abin kunya ne da bai kamata tarihi ya sassauta wa kowa ba.

Duk da haka an yi jigilar. Filin saukar shi ne Uli, wani yankin titin mota da aka faɗaɗa, inda ake kunna fitilu na ɗan lokaci kaɗan saboda gudun bam. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana tashi daga tsibirin Fernando Po, daga baya ta koma Kwatano. Haɗakar coci-coci mai suna Joint Church Aid kuma tana tashi daga Sao Tome, ta yi sawu sama da 5,000, ta kai kayan da suka kai kimanin tan 60,000: madarar gari, kifi, gishiri da magunguna. Matuƙa da dama sun rasa rayukansu a wannan aiki.

Ranar 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo wani jirgin Red Cross, mutanen cikinsa suka mutu. Hakan ya zo ne jim kaɗan bayan Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin da ya taɓa tuƙa jirgin agaji, ya jagoranci hare-haren sama a madadin Biyafara, abin da ya ƙara wa gwamnatin tarayya zargin masu agajin. Aka kori babban jami'in Red Cross, August Lindt, jigilar ƙungiyar ta tsaya. Coci-cocin suka ci gaba har yaƙin ya ƙare a Janairu 1970. Gwamnati ta ƙi karɓar taimakon waɗanda suka yi jigilar ba da izininta ba, ta kuma kori limaman mishan da yawa, ta miƙa ragamar aikin ga Red Cross ta Nijeriya da hukumar farfaɗowa ta ƙasa.

Har yau masana na muhawara ko kuɗin waje da agajin ya shigar sun tsawaita yaƙin. Zargin yana da nauyi, sai dai yaran da suka rayu da madarar Uli su ma hujja ne. Daga wannan yaƙi aka samu ƙungiyar Concern ta Ailan a 1968, da Médecins Sans Frontières a 1971, wadda Bernard Kouchner da wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara suka taimaka wajen kafawa, don sun ƙi yarda da ƙa'idar yin shiru ta Red Cross. A 1977 ƙarin da aka yi wa yarjejeniyoyin Geneva ya haramta amfani da yunwa a kan fararen hula, har a yaƙin cikin gida.