Zaɓen Makarantar Koyon Aikin Kafinta: Bayani ga Al'ummar Ruwan Godiya da Kewaye

Iyaye da shugabannin al'umma daga Ruwan Godiya da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sukan tambaye mu inda ya dace a kai yaro koyon aikin katako. Abin da muke fara shawarta shi ne a tsayar da irin aikin da ake so ya iya, domin kafintan rufin kwano da ƙofofi daban yake da mai haɗa gado da kujeru, kuma dukkansu daban suke da masassaƙin turmi da ƙota, wanda yawanci gadon gida ne.

Ga yaron da ya kammala aji 3 na ƙaramar sakandare, hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce kwalejin fasaha ta gwamnati. Mafi kusa da wannan yanki ita ce ta Funtuwa, akwai kuma a Mashi da Ingawa. Karatun shekara 3 ne, a ƙarshensa ɗalibi ya zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ya sami takardar shaida ta NTC. Hukumar tana jarraba aikin kafinta na gini daban da na haɗa kayan ɗaki, saboda haka a tantance wane sashe ake sa yaro tun ranar rajista. Amfanin wannan takarda shi ne ba ta rufe ƙofar ci gaba. Idan an haɗa da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi, ana iya neman gurbi ta hanyar JAMB a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi a Jihar Kano, inda ake horar da malaman aikin katako.

Wanda karatunsa ya tsaya ko shekarunsa suka ja, yana da Cibiyar Koyar da Matasa Sana'o'i da ke Katsina, ko zama a hannun ƙwararren kafinta a Funtuwa. Muna jan hankali cewa irin wannan ɗalibi ya nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki 3, wanda ake farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya. Kafintoci da dama sun iya aiki sosai amma rashin wannan takarda ya hana su aikin gwamnati.

Kowace makaranta aka zaɓa, kada a tsaya ga sunanta. Uba ko wakilinsa ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin aiki. Ya ƙirga zarto da guduma da teburan aiki, ya kwatanta da yawan ɗalibai. Ya tambaya ko injunan suna tashi, da abin da ake yi idan babu wutar lantarki, da kuma wanda ke sayen katakon gwaji, makaranta ko iyaye. Ya nemi a nuna masa ƙofa ko tebur da 'yan ajin ƙarshe suka haɗa da hannunsu. Haɗin da ya zauna daram ba tare da an cika shi da ƙusa ba, shi ke nuna malamin yana koyarwa.

Tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye suna da haƙƙin tambaya game da katanga, masu gadi da wurin kwanan yara kafin su biya ko sisi. Muna roƙon masu unguwanni da dagatai su isar da wannan bayani a masallatai da ranakun kasuwa, kafin lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai.