NEMAN KAKA A CIKIN TSOFAFFIN TAKARDU

Wata rana ɗana ya tambaye ni sunan kakan mahaifina, na yi tsuru-tsuru. Ni da na raɗa wa jarumai suna a littattafai ban san adadi ba, ga shi na kasa kawo sunan jinina! Abin da na riƙe kawai shi ne maganar kakata, Allah ya jiƙanta, cewa asalinmu Kambaza ne ta ƙasar Gwandu, kuma an haifi mijinta a shekarar Kakalaba.

Na fara da jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Ka duba tsofaffin kofenta za ka ga labarin sarakuna, naɗin hakimai, da wasiƙun waɗanda suka iya boko. Manomin ƙauye kuwa, sai in wani abu ya same shi.

Sai na koma ƙidaya. Ta 1931 galibi daga littattafan haraji aka tsamo alƙalumanta. An sake yi a Arewa a 1952, sannan 1963. Abin da aka buga adadi ne na maza da mata, babu suna. A Ingila ana buɗe takardun ƙidaya bayan shekara 100, mutum ya ga kakansa da sana'arsa. Mu an ƙirga mu ne kawai.

Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke ciki kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Rahotannin haraji da jangali suna ambaton garuruwa da masu riƙe da su. Yunwar Kakalaba kuwa an san shekarunta, 1913 zuwa 1914. Ka ga ke nan kakata ta ba ni lokaci, takarda ta sa masa lamba.

Sunan fa? Wata tsohuwa ce a Kambaza ta jero mini kakanni uku tana gyaran wake.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka hau motar Kaduna, fara zama gaban tsohuwar gidanku da biro da takarda. Fayil zai jira ka, ita ba za ta jira ba. Allah ya jiƙan magabatanmu.