Lokacin da Zamfara Ta Yi Shiru

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe layukansu a faɗin Jihar Zamfara. Gwamna Bello Matawalle ne ya nemi hakan, umarnin kuma ya zo kwana biyu bayan 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Hujjar ita ce da waya masu kai rahoto ke sanar da 'yan daji motsin sojoji, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. An taɓa yin haka a Borno da Yobe a 2013. Mako biyu aka ɗiba da farko.

Sai dai ba waya kaɗai aka toshe ba. A cikin kwanakin nan gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da man fetur. Duk wanda ya san yadda labari ke yawo a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, ranar kasuwa ce jaridar talaka. Can ake jin farashin gero, da wanda ya rasu, da hanyar da ba ta biyuwa. Gari irin Bungudu, da ke bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, ya daɗe yana samun labarinsa daga bakin fatake da direbobi. Wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Najeriya a 2001, ɗorawa ta yi a kan wannan tsohon tsari. A mako guda aka rufe tsohuwar hanya da sabuwa.

Rediyo ya rage. Muryar BBC Hausa da ta Rediyon Kaduna ba ta yanke ba, amma rediyo faɗa yake yi, ba ya saurare. Ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da hanyar neman ɗauki, kuma 'yan jarida kan ji labarin ne bayan kwanaki, idan sun ji. Masu POS sun naɗe tabarma, kuɗin da 'ya'ya ke turo wa iyaye daga Legas ko Abuja ya maƙale. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kiran waya ɗaya tak, ta kan titin Tsafe, wanda shi kansa abin tsoro ne. Ba a jima ba Jihar Katsina ta rufe layi a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar.

Gwamnati ta ce matakin ya takura 'yan bindiga, kuma mai yiwuwa hakan ya faru a makonnin farko. Amma da wuya a auna nasarar yaƙin da aka yi ba mai ba da shaida sai wanda ke yin sa.

An maido da layi a Gusau ranar 1 ga Oktoba. Bungudu, wadda tafiyarta daga Gusau ba ta kai awa guda ba, ta jira tare da sauran ƙananan hukumomi har ƙarshen Nuwamba. Hare-haren ba su tsaya ba; a Janairun 2022 aka yi kisan Anka da Bukkuyum.