Tarihin Sunayen Haihuwa ta Hanyar Tiyata: Daga "Yankan Kaisar" Zuwa "Shiryayyar Haihuwa"

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin sunayen da aka laƙaba wa fitar da jariri ta hanyar tsaga cikin uwa, musamman irin aikin da akan sa wa rana tun naƙuda ba ta tashi ba. Hausawa sun ce suna linzami. Za mu nuna cewa a wannan fage maganar ta tabbata, domin sunan da aka kira aikin da shi yakan ja likita ga hanzari ko jinkiri, yakan kuma ja mai ciki ga amincewa ko ƙi.

2.0 Asalin Sunan

Yawancin harsunan Turai suna danganta aikin da Kaisar. Jamusawa na cewa Kaiserschnitt, watau yankan Kaisar, Larabawan zamani kuma na cewa wilada ƙaisariyya. An daɗe ana zaton ta haka aka haifi Yuliyas Kaisar a shekara ta 100 kafin Miladiyya, amma tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Mahaifiyarsa Aurelia ta rayu har zuwa shekara ta 54 kafin Miladiyya, alhali a wancan zamani macen da ta mutu ko take bakin mutuwa ake yi wa aikin. Wata tsohuwar doka ta Rum, wadda ake jingina wa Sarki Numa Pompilius, ta hana binne mace mai ciki sai an ciro abin da ke cikinta. Ban da wannan, akwai kalmar Latin caedere, mai ma'anar yanka, wadda marubucin nan Pliny ya alaƙanta da sunan zuriyar Kaisar.

Sauran al'ummu sun bi tasu hanyar. Littafin Mishna na Yahudawa yana kiran irin wannan jariri wanda ya fito ta gefe. A cikin Shahnama, wanda Firdausi ya kammala a 1010, ta gefen mahaifiyarsa Rudaba aka ciro jarumi Rustam. Likitan Faransa François Rousset shi ne ya yaɗa sunan haihuwar Kaisar a littafinsa na 1581, inda ya yi da'awar ana iya yi wa mace mai rai aikin. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sunaye yankan suke bayyanawa, babu wanda ya taɓo lokacin yinsa.

3.0 Yadda Aka Fara Sa Rana

Ba a buƙaci kalmar da za ta bambanta shiryayyen aiki da na gaggawa ba sai da aikin ya daina zama hukuncin kisa ga uwa. An gwada maganin sa barci a bainar likitoci a Boston a 1846, Joseph Lister ya bayyana hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867, sa'an nan Max Sänger ya yaɗa ɗinke mahaifa bayan tsagawa a 1882. Ya kamata mu ambaci cewa a 1879 Robert Felkin ya ga masu maganin gargajiya a Yuganda sun yi aikin, uwa da ɗa kuma suka rayu.

A 1916 Edwin Cragin na New York ya yi furucin nan da ke nufin macen da aka yi wa aikin sau ɗaya, da shi za ta ci gaba da haihuwa. Dalili kuwa, tsagar da ake yi a tsaye a saman mahaifa tana iya ɓarkewa a naƙuda ta gaba. Ko da yake Munro Kerr ya yaɗa tsagar gicciye a ƙasan mahaifa a 1926, wadda ta rage wannan haɗari, al'adar sa rana ta riga ta kafu. Daga nan likitocin da ke aiki da Ingilishi suka kasa aikin gida biyu: elective da emergency.

4.0 Rikicin Kalmar "Zaɓi"

Kalmar elective daga Latin take, tushenta kuwa zaɓi ne. A bakin likita, lokacin ne aka zaɓa, domin sau da yawa aikin kansa tilas ne, kamar idan mabiyiya ta tare hanya ko jariri ya kwanta a gicciye. Amma a kunnen jama'a sai ta zama kamar uwar ce ta zaɓa don gudun wahala, har jaridun Birtaniya suka riƙa yi wa irin waɗannan mata ba'a. Ita ma ɗaya kalmar tana da nata aibi. Macen da aka sa wa rana, naƙuda ta riga ranar zuwa, takan shiga rukuni ɗaya da wadda mahaifarta ta fashe.

Gyara ya zo daki-daki. A 2000 Lucas da abokan aikinsa suka kawo matakai huɗu: na 1, akwai barazana nan take ga ran uwa ko jariri, na 2, akwai matsala amma ba ta kai haka ba, na 3, ana buƙatar haihuwa da wuri ba tare da matsala ta bayyana ba, na 4, za a yi aikin a lokacin da ya dace da uwa da ma'aikata. Hukumar NICE ta Birtaniya ta karɓi wannan tsari a 2004. A ƙa'idarta, mataki na 1 yana neman a ciro jariri cikin minti 30 da yanke shawara, na 2 cikin minti 75, shiryayyen aiki kuwa ba a saba yinsa kafin mako na 39 ba. Har wa yau a 2000, wani babban bincike a ƙasashe 26 kan jariran da suka zo ta ɗuwawu ya yi amfani da kalmar planned, watau shiryayye, a takensa. A 2006 wani taron cibiyoyin lafiya na Amurka ya keɓe suna na daban ga aikin da uwa ta nema da kanta ba tare da larura ba. A 2021 NICE ta sauya taken jagorarta daga yanka zuwa haihuwa.

5.0 Darasi ga Masu Fassara

Mu ma muna da namu kalmomi. Tiyata aro ce daga sunan ɗakin aikin da Ingilishi. Fiɗa daga mahauta ta fito, tana kuwa iya tsorata mai ciki. An yi mata aiki sakaya zance ne. Babu ko ɗaya da ke nuna ko an shirya aikin ko ba a shirya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya aka yi ta tiyata. Ke nan damuwarmu ta fi karkata ga matan da ke buƙatar aikin ba su samu ba. Idan muka fassara elective da tiyatar ganin dama, mun ba maigida da uwar miji hujjar cewa a dakata a gwada naƙuda tukuna, ƙarshen doguwar naƙuda kuwa kan zama yoyon fitsari ko rasa rai.

6.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawarar a riƙa cewa shiryayyar haihuwa ta tiyata ga wadda aka sa wa rana, tiyatar gaggawa ga matakai na 1 da na 2, tiyatar da ba a shirya ba ga mataki na 3, sa'an nan tiyata bisa buƙatar uwa ga wadda babu larura a cikinta. Muna roƙon mahalarta wannan taro su gwada waɗannan kalmomi a gaban ungozomomi da mata masu zuwa awo kafin a shigar da su ƙamus.