Ma'auni a Hannun Wa? Tarihin Sa Ido kan Tururin Uraniyom a Nijar

A shekara ta 1957 masana ƙasa na Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik, cikin jahar Agadas ta yau, sai suka ci karo da uraniyom. An kafa kampanin Somaïr a 1968, ya soma fitar da ma'adinin a Arlit a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, da raminta na ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, wanda ya fara aiki a 1978. Ɗalibanmu sun haddace waɗannan shekaru a darasin tattalin arziki. Akwai wata shekara guda da ba a cika koya musu ba, ita ce 1998.

A wannan shekara ne doka ta kafa Cibiyar Ƙasa ta Kariya daga Tururi, wadda aka fi sani da CNRP, a Yamai. Ke nan an yi shekara 27 ana haƙo kafin gwamnati ta samu cibiya tata da aka ɗora wa wannan aiki kaɗai, alhali Nijar ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tun 1969.

Domin a gane nauyin wannan jinkiri, sai a san halin abin da ake tsaro. Tururin da ke fita daga dutsen uraniyom ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ƙuna sa'ad da ya taɓa jiki. Iskar radon da ke tsattsafowa daga gare shi takan taru a rami ko a ɗakin da ba ya shan iska, cutar da take jawowa a huhu kuwa sai bayan shekaru take bayyana. Mai aikin sa ido ba shi da sheda sai na'ura: ɗan ma'aunin da ake maƙala wa ma'aikaci a ƙirji, kwalbar ruwan rijiya da ake kaiwa ɗakin bincike, da na'urar da ake bi da ita kan tituna. Tsawon shekarun farko, galibin waɗannan kayan suna hannun kampanoni. Su ke awo, su ke rubuta sakamako, asibitocin garuruwan biyu ma su suka gina. Wanda ake bincike shi ne riƙe da ma'auni.

Kafa cibiyar bai warware wannan nan take ba. Mazauninta na Yamai, Arlit kuwa tafiyar kilomita sama da 1,000 ce, ga ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Duk da haka an ga amfaninta. A farkon 2004 wata motar dakon garin uraniyom ta yi hatsari a kudancin ƙasa, kayan suka zube a hanya, kuma awon cibiyar ya nuna ba a tsabtace wurin yadda ya kamata ba. Mutanen Tawa da Doso sun san waɗannan motoci, don a da ta ƙofarsu suke bi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Maganar ashe ba ta ƴan arewa kaɗai ba ce.

Sai dai gaskiya, abin da ya fi girgiza al'amura daga waje ya fito. Almustafa Alhasan, ma'aikacin Somaïr da ya kafa ƙungiyar Aghir in'Man, shi ya gayyato masanan CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa. Da suka sauka Yamai a Disamba 2003, aka riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgi. Da ƙananan da suka rage suka yi aiki. Suka tarar da tarkacen ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit, irin waɗanda mutane ke saye su yi rufin ɗaki ko kayan gida. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan, ta ce tururin ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda duwatsun rami da aka yi ciko da su. Rahotonta na 2010 ya ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Kampanin Areva ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, amma an koma an kwashe cikon a wuraren da aka nuna.

Dokoki sun yi ta biyo sawu. A 2006 aka yi dokar tsaron nukiliya da kariya daga tururi. A 2016 aka kafa hukumar ARSN, wadda ta gaji aikin CNRP da iko mafi faɗi wajen ba da izini da bincike. A takarda dai an yi nisa.

Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tudun dusar ma'adini mai kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan. Uraniyom kaɗai aka tsame; yawancin tururin yana nan cikin dusar, kuma radiyom da ke ciki sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya gushe. Shirin da aka tsara shi ne a lulluɓe tudun da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. A Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa, bayan taƙaddama da Orano, magajin Areva. Daga wannan rana, ma'aikacin gwamnati da ya shiga ramin Arlit da na'ura a hannu, ramin gwamnati ya je aunawa.