Talla a intanet: daga 1978 zuwa wayarmu

Ƴan uwa ɗalibai, da yawanmu muna saida turare, atamfa ko kilishi ta WhatsApp don samun kuɗin takardu. To amma talla a intanet ta girme mu nesa ba kusa ba.

A watan Mayu na 1978, Gary Thuerk na kamfanin Digital a Amurka ya aika tallar kwamfuta ga mutane kusan 400 lokaci guda ta ARPANET, kakar intanet. Ba wanda ya nemi saƙon, kuma duka da manyan baƙaƙe aka rubuta shi. Mutane suka fusata, masu kula da hanyar suka ja kunnen kamfanin. A 1994 mujallar HotWired ta fara sa hoton talla a saman shafi. Da farko ana ta dannawa don sabon abu ne, daga baya ido ya saba, aka rage kallo. A 2000 Google ya fito da AdWords: ƴan layuka ba hoto, suna bayyana ga wanda ya nemi abin da kanshi. Nan kasuwa ta buɗe.

Ni abin da na ɗauka cikin wanga tarihi, mai saye ba ya son kutse. Wanda ke tura hoto 30 ga mutanen da ba su tambaye shi ba, 1978 yake maimaitawa. Rubuta sunan kaya, farashi da sefa, unguwarka, da yadda za a kai su. In akwai aibi, faɗa tun farko. A Maradi ko Damagaram kowa ya san kowa, kuma labarin ha'inci ya fi tallarka gudu.